Faifan celo na gidan rediyo ko na kamfani: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wani ƙanina da ya shigo harkar faifan garmaho bara ya turo mini hotunan faifai biyu da dare, ya ce, "Yaya, kuɗin guda ɗaya gare ni, wanne zan ɗauka?" Duka biyun na János Starker ne da abokin kiɗansa György Sebők, wancan yana goga celo, wannan yana kan fiyano. Na farkon ɗauka ce da aka yi musu a gidan rediyo a Berlin a 1963, ta kwanta a taskar ajiya fiye da shekara hamsin kafin kamfanin The Lost Recordings na Faransa ya tono ta. Na biyun kuwa sonatocin Brahms guda biyu ne, wato dogayen kiɗa na celo da fiyano kaɗai, da suka yi wa kamfanin Mercury a tsukin shekarun nan dai, waɗanda Speakers Corner na Jamus ya sake bugawa. Mutanen su ne dai, zamanin shi ne dai, farashin ma ba wata tazara. Amma abin da ke cikin kwalayen biyu ba ɗaya ba ne, kuma amsar ta fi ƙarfin saƙon waya.

Ga wanda bai saba da shi ba, celo babban yayan gogen Turawa ne, mai tsirkiya huɗu, wanda ake zama a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Tsirkiyarsa mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 65 a daƙiƙa, kuma yawancin abin da yake faɗa yana tsakiyar abin da kunne ke ji, wajen da muryar namiji take. Wannan ya yi masa rana a tsofaffin ɗauka. Tsohon zare, wato tef ɗin da ake ɗaukar sauti a kansa, yakan yi asarar can ƙololuwar sauti, inda kuge da ƙaramin goge suke da buƙata, amma celo bai cika kuka da wannan rashin ba. Shi ya sa za ka sa ɗaukar 1955 ka ji kamar mutumin yana zaune a ɗakinka, alhali ɗaukar babbar ƙungiyar makaɗa ta wannan shekarar tana fitowa a cushe kamar ta cikin kwali.

Dalilin da ya sa gidajen rediyon Jamus suka fi kowa tara irin wannan dukiya ba boyayye ba ne. A can aka ƙera na'urar zaren maganaɗisu. Kamfanin AEG ya nuna Magnetophon a 1935, sannan a farkon shekarun 1940 injiniyoyin rediyon Jamus suka gano dabarar da ta rage shuuu ɗin zaren ƙwarai. Bayan yaƙi, tashoshi irin su RIAS, wadda Amurkawa suka kafa a yankinsu na Berlin a 1946, da na Stuttgart da Baden-Baden waɗanda suka haɗe suka zama SWR a 1998, kowacce tana da ƙungiyar makaɗanta da zaurenta da injiniyoyinta masu cin albashi. Duk gwanin da ya ratsa gari sai a gayyato shi ya yi kwana ɗaya ko biyu. Zaren nasu yana gudun santimita 76 a daƙiƙa, daga baya 38. Kaset ɗin da muka taso da shi bai kai santimita 5 ba. Faransa ma tana da tata taskar a hannun INA, hukumar da ta gaji ajiyar rediyon gwamnati daga 1975, kuma daga nan ne kamfanin Spectrum Sound ke samo yawancin abin da yake bugawa.

Sai dai kalmar "ɗaukar rediyo" da ake rubutawa a jikin kwali tana rufe abubuwa uku da ba su da haɗi, kuma a nan ne masu saye suka fi yin tuntuɓe.

Akwai wadda aka yi a ɗakin ɗauka na gidan rediyon, ba 'yan kallo, ba tari, ba ƙarar kujera. Ita ce sarauniya. Makaɗin yakan kaɗa kowane babi sau ɗaya ko biyu, in an yi gyara ma kaɗan ne, domin ba sayarwa za a yi ba, watsawa za a yi sau ɗaya ko biyu a ajiye. Saboda haka kana samun tsabtar ɗakin ɗauka tare da kuzarin mutumin da ya san ba zai yi ta maimaitawa ba. Faifan Berlin na Starker da Sebők irin wannan ne. Sannan akwai ɗaukar taron kiɗa kai tsaye, inda rediyo ya rataya makirufo ɗaya ko biyu a saman dandali ya bar wa Allah sauran. Ta uku ita ce wadda wani ya ɗauka a gidansa daga akwatin rediyo lokacin da ake watsawa. Wannan ta riga ta bi ta iska, an datse mata sama, an matse mata ƙarfi, wani lokaci har da kutsen wata tasha. Tana da daraja a wurin masu tarihi, musamman inda tashar ta goge nata zaren don ta sake amfani da shi, abin da BBC ta yi da yawa a da. Amma a yanka ta a faifai mai nauyin giram 180 a sayar da tsada, wannan ɗora wa jaki sirdin doki ne.

To, mene ne ɗaukar kamfani ta fi ta rediyo da shi? Lokaci da kuɗi. Mercury, a ƙarƙashin Robert Fine da Wilma Cozart Fine, sun yi suna da makirufo uku da suke kafawa bayan dogon gwaji, kowanne da layinsa a kan zare. Kamfani yana iya kwana uku a kan sonata ɗaya, a kaɗa wuri sau goma, a yanka zare da reza a haɗa mafi kyau. Jerin kiɗan Bach guda shida na celo shi kaɗai da Starker ya yi musu a 1963 da 1965 har yau da shi masu sayar da lasifika suke gwada kayansu. Kana jin ƙaron da aka shafa wa izgar bakan yana cizon tsirkiya, kana jin yatsa yana sauka a kan katako. Haka kiɗan Elgar da mai celo Jacqueline du Pré ta kaɗa ƙarƙashin jagorancin John Barbirolli, wanda kamfanin EMI ya ɗauka a Kingsway Hall na Landan a Agustan 1965, da Bach ɗin Pierre Fournier na kamfanin Archiv da aka yi a Hanover a 1960. In abin da kake nema shi ne ka zauna ka ji iyakar abin da allurarka da lasifikarka za su iya, kada ka wahalar da kanka: ɗaukar kamfani ta sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, ta fi yawancin na rediyo, ba a ma kusa ba.

Amma akwai abin da gyara ke kashewa. Na daɗe ina sauraron Starker na Mercury ina ganinsa mutum mai sanyin jini, komai a aune, ba ya ko gumi. Ɗaukar rediyo ce ta sa na gane cewa rabin wannan sanyin na reza ne. Idan aka bar babi ya tafi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, kana jin inda ya ɗan matsa wa Sebők lamba, da inda Sebők ya ƙi biye masa, da numfashin da yake ja kafin doguwar jimla. Wata rana ina sauraro da tsakar dare, an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, ina kan batir, sai na ji wani ɗan "hmm" daga hancinsa daf da shigar wani wuri mai wuya. A ɗaukar kamfani da an sake ɗaukar wurin. A nan an bar shi, kuma tun ranar nake jiran wannan "hmm" ɗin duk lokacin da allura ta kusa wurin.

Wani abin kuma, rediyo ya kama mutane a shekarun da kamfani bai kama su ba, ko a kiɗan da kamfani bai ga riba a ciki ba. Du Pré ta kaɗa konceton Schumann, wato kiɗan celo tare da babbar ƙungiyar makaɗa, a Berlin a 1963 tana da shekara 18, shekara biyar kafin ta ɗauke shi wa EMI tare da Daniel Barenboim, kuma kamfanin audite na Jamus ya fito da wannan daga zaren RIAS. Zara Nelsova, haifaffiyar Kanada, ba ta samu yawan faifan kamfani daidai da girmanta ba, amma abin da ta bari a RIAS ya cika CD huɗu. Wannan ba abu ba ne da za ka ce bari in jira bugun kamfani, don babu shi.

Yanzu ga tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya a tsakanin masu wannan sha'awa: shin daga uwar zare, wato zaren asali da aka yi ɗaukar a kansa, aka yanka faifan kai tsaye, ko sai da aka bi ta kwamfuta? Speakers Corner ya gina sunansa a kan cewa ba ya bin ta dijital ko kaɗan. Ga ɗaukar kamfani wannan mai yiwuwa ne, tunda ana iya ba da aron zaren ko kwafinsa ga ɗakin yanka. Gidajen rediyo kuwa hukumomin gwamnati ne, kuma da wuya su bar zare ɗaya tilo da suke da shi ya fita daga gini. Abin da aka fi yi shi ne a kwafe shi zuwa dijital mai zurfi a can cikin taskar, a gyara, sannan a yanka faifai daga wannan. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Zaren da ya shekara sittin yakan zo da wuraren da sauti ya ɗauke, da gudun da ya ɗan karkace har kiɗan ya hau ko ya sauka daga muryarsa ta asali, da gurnanin wutar lantarki a ƙasa wanda ke zaune daf da tsirkiyar celo mafi kauri. Waɗannan da kwamfuta aka fi iya gyara su. Abin da nake nema kawai shi ne a gaya mini gaskiya. A 2022 ne aka gano cewa Mobile Fidelity na Amurka ya shekara da shekaru yana bi ta dijital a faifan da jama'a suka ɗauka analog ne zalla, wato bai bi ta kwamfuta ba, har aka je kotu aka yi sulhu. Abin dariyar shi ne, da yawa daga masu cewa kunnensu ba ya ɓata sun yi ta yabon waɗannan faifan kafin asiri ya tonu.

Sai dai wannan gaskiyar tana da wutsiya. In dai daga fayil aka yanka faifan rediyon, kuma kamfanin yana sayar da wannan fayil ɗin ko CD ɗinsa a kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na kuɗin, to me kake saye da ragowar? Kana sayen babban kwali da hotuna da bayani, da zaman da mutum yake yi ya saurari gefe guda bai taɓa waya ba, da ɗan ɗumin da allura ke ƙarawa. Waɗannan ba ƙarya ba ne, ni ma su nake biya. Amma kada wani ya ce maka ka fi mai CD kusa da uwar zaren.

Wanda ya kamata ka guje wa shi ne ɗan ci-da-gumin-wani. A Turai an tsawaita haƙƙin mallakar ɗauka daga shekara 50 zuwa 70 a 2013, amma abin da aka riga aka fitar kafin 1963 ya zama na kowa. Saboda haka kowa yana iya ɗaukar tsohon CD, ya yanka faifai daga shi, ya sa hoto mai kyau da tambarin giram 180. Na taɓa faɗawa wannan ramin da wani faifan Fournier da na gani da araha. Da ya iso, babu sunan tashar da ta ɗauka, babu rana, babu sunan wanda ya yanka. An bi shi da abin share shuuu har an share iskar ɗakin gaba ɗaya, celon ya koma kamar ana busa shi ta cikin bututun roba. Araha ba ta ado. Bugun kirki yakan faɗi tashar da zauren da ranar, ya nuna da izinin taskar aka yi, ya ambaci wanda ya yanka da masana'antar da ta buga. Audite har tambari yake sawa don nuna cewa daga zaren asali ya kwaso. In ka juya bayan kwali ba ka ga ko ɗaya cikin waɗannan ba, mayar da shi inda ka ɗauko.

Nauyin giram 180 ɗin nan, tunda na ambace shi, ba shi ne ke kawo daɗin sauti ba. Zurfin tsagin da allura ke bi ɗaya ne ko faifan siriri ne ko mai kauri. Abin da ya fi muhimmanci ga celo shi ne shirun faifan, domin kiɗa ne mai yawan sassauci, wani lokaci tsirkiya ɗaya ce tal ke magana, kuma ƙas-ƙas ɗaya ya isa ya ɓata jimla. Shi ya sa nake duba sunan masana'anta, irin su Pallas da Optimal a Jamus ko QRP a Amurka, kafin in duba nauyi.

Batun gudun juyi, 33 ko 45, ya danganta da kiɗan. A juyi 33 allura tana cin kusan santimita 50 a daƙiƙa a bakin faifai, amma kafin ta kai ciki ta sauko kusan 20, kuma a nan sauti ke fara dagulewa. Konceton Dvořák, mai kusan minti 40, yana ƙarewa ne da dukan ƙungiyar makaɗa a kan ƙarfinsu, daidai inda faifai ya fi rauni. Juyi 45 yana ƙara gudun da kusan kashi 35 cikin ɗari, amma gefe guda ba ya ɗaukar fiye da minti goma sha biyar cikin walwala. Analogue Productions ya fitar da Bach ɗin Starker a faifai shida masu juyi 45, inda Speakers Corner ya bar shi a uku, kuma ga Bach wannan ya zauna, tunda kowane jeri ya samu faifansa. Amma konceton Schumann babi uku ne da aka ɗinke ba tsayawa, kusan minti 25. A juyi 45 dole a yanke shi a tsakiya ka tashi ka juya. Ga tsohon zaren rediyo na mono, mai layin sauti ɗaya tal, wanda samansa ya riga ya takaita, ni ban ga abin da 45 zai ƙara ba in ban da kuɗi da zirga-zirga.

Mono ɗin ma kada ya tsorata ka. Faifan sitiriyo ya shigo kasuwa a 1958, amma rediyon Jamus bai fara watsa sitiriyo ba sai 1963, don haka akwai ɗaukar rediyo da yawa na farkon shekarun 1960 da suke mono alhali na kamfani sun riga sun wuce nan. Ga celo shi kaɗai, ko celo da fiyano, asarar kaɗan ce. Kayan kiɗan yana tsaye a tsakiya da kaurinsa. In amfilifayarka tana da maɓallin mono, danna shi, za ka ji ƙas-ƙas ɗin faifan ya ragu sosai. Ga konceto da babbar ƙungiya ne mono ke matse wuri. Abin gudu shi ne mono da aka yi wa sitiriyon ƙarya, wanda ke raba celo ɗaya gida biyu.

Ɗaukar taron kai tsaye kuwa, ra'ayina a kanta ya tsaya: saye ta a CD ko fayil. Ɗauki misalin daren 21 ga Agusta 1968, ranar da aka wayi gari tankokin Tarayyar Sobiyet suna titunan Prague, babban birnin Czechoslovakia. A daren mai celo Mstislav Rostropovich ya hau dandalin Royal Albert Hall a Landan tare da ƙungiyar makaɗan gwamnatin Sobiyet a ƙarƙashin Yevgeny Svetlanov, kuma abin da ke cikin shirin shi ne konceton Dvořák, ɗan ƙasar da aka mamaye. An yi zanga-zanga a waje, an yi ihu a cikin zaure, waɗanda suka halarta sun ce yana kaɗawa yana hawaye. BBC ta watsa, daga baya ta fito a jerin BBC Legends. Ba wanda ke sauraron wannan don ya auna lasifika. Zauren ƙato ne mai amsa-kuwwa, jama'a dubbai ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke ciki zai same ka ko ta ƙaramar rediyon mota ce, don haka kuɗin faifai mai tsada ba su da aikin yi a nan.

Akwai kuma lissafin da mai saye a Landan ko Tokyo ba ya yi, amma mu dole mu yi. Faifai roba ne, zafi yana lanƙwasa shi. Wani da na yi oda a watan Afrilu ya kwana biyu a bayan motar masu kawo saƙo, ya iso kamar faifan tuwo da aka zauna a kai. Allura tana hawa tana sauka kamar kwalekwale, kuma a kan doguwar muryar celo wannan lilon ba ya ɓuya. Bugun kamfani irin na Mercury, in ya lalace, akwai wani a kasuwa, domin an sake buga shi ba sau ɗaya ba. Bugun rediyo kuwa sau da yawa 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai ake yi masu lamba, in ya ƙare sai a hannun 'yan kasuwar bayan fage da farashin da suka ga dama. Don haka nakan yi odar irin waɗannan ne da sanyi, in roƙi a cire faifan daga kwalinsa a naɗe shi daban. Sanyin kuma yana zuwa da nasa: ƙurar hunturu da bushewar iska suna sa faifai ya riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu. Buroshi kafin kowane gefe, rigar ciki mai santsi, a jera su a tsaye nesa da bangon da rana ke duka.

Da na gama zuba masa duk wannan a waya, ƙanin nawa ya ce, "Yaya, har yanzu fa ba ka ce wanne ba." Na tambaye shi faifan celo nawa yake da su. Ya ce ko ɗaya. Na ce to ya ɗauki na Mercury, domin ya fara sanin yadda Starker yake a lokacin da komai ya zauna daidai, ya kuma san abin da na'urarsa za ta iya. In ba haka ba, ba zai gane abin da ɗaukar rediyon ta zo da shi na daban ba. Na Berlin ɗin kuma ya saurare shi a intanet tukuna, sau uku ko huɗu. In ya tarar akwai wurin da yake ɗokin a iso, kamar yadda nake jiran "hmm" ɗina, to ya fara tara kuɗi, ya yi oda a watan Disamba. Ya ce in kuma kafin nan ya ƙare fa? Na ce nawa yana nan, ya zo da buroshinsa.